Kalmomi 27 da Rayukan Ƴan Makaranta

A ranar 24 ga Mayu 2022, wani matashi ya kutsa makarantar firamare ta Robb a garin Uvalde na jihar Texas, ya hallaka yara 19 da malamai 2. Bisa doka ya sayi bindigarsa, da cikarsa shekara 18. Nan take Amurkawa suka koma kan tsohuwar gardamarsu: a tsaurara dokar mallakar bindiga, ko a bar kowa ya tanadi abin kare kansa?

Tushen gardamar jimla ɗaya ce mai kalmomi 27, wato gyara na biyu ga tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791. Sashenta na farko ya ce rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai ƴanci, na biyu kuma ya hana tauye haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu. Shin sashen farko sharaɗi ne mai iyakance na biyu, ko shimfiɗa ce kawai? A shari'ar Heller ta 2008, masana harshe sun bayyana wa Kotun Ƙoli cewa a Ingilishin wancan zamani, furucin ɗaukar makamai galibi aikin soja yake nufi. Duk da haka alƙalai 5 cikin 9 suka yanke cewa kowane mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa don kare kansa.

Masu kare wannan haƙƙi ba su rasa hujja ba. Wanda ke zaune a ƙauye nesa da ƴan sanda ya san kafin agaji ya iso, mai aukuwa ta auku. Amma iƙirarin cewa yawan bindigogi a hannun mutanen kirki shi ne maganin maharbi, Uvalde ta raunana shi. Jami'an tsaro 376 suka hallara a makarantar da makamansu, amma sai da aka shafe minti 77 kafin a afka wa maharin. Abin da ya gagari horarru, da wuya ya yiwu ga malamar aji. Haka kuma, cikin mutum sama da 48,000 da harsashi ya kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su ne suka harbe kansu. Sau da yawa bindigar da aka ajiye saboda ɓarawo, mai gida take ci.

Ostireliya ta bi wata hanya. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta haramta manyan bindigogi masu saurin harbi, ta sayi kimanin 650,000 daga hannun jama'a ta lalata, ta kuma wajabta lasisi. Manomi da mafarauci ba su rasa bindigarsu ba, sharaɗi aka gindaya musu.

Ko mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin Heller, ya yarda cewa haƙƙin yana da iyaka. Saboda haka ƙofar gyara a buɗe take: a binciki tarihin kowane mai saye, a ɗaga shekarun saye zuwa 21, a wajabta kulle bindiga inda yaro ba zai kai hannu ba. Dokar da majalisar Amurka ta zartar a Yuni 2022 ta ƙara bincike kan ƴan ƙasa da shekara 21, amma da sauran aiki. Rigakafi ya fi magani, kuma iyayen Uvalde sun fi kowa sanin haka.