Rufe Meta Spark: Ina masu zane da malamansu suka dosa?

A ranar 14 ga Janairun 2025 ne kamfanin Meta ya rufe manhajar Meta Spark, wadda masu zane ke amfani da ita wajen ƙirƙirar hotunan da ake ɗorawa a kan fuska ko a kan duk abin da kyamarar waya ta hango a Instagram da Facebook. Tun watan Agustan 2024 aka sanar da matakin. Da wa'adin ya cika, ayyukan mutanen waje suka ɓace, aka bar na kamfanin kaɗai.

Ga mai kallo, abin wasa ne aka ɗauke masa. Amma wanda ya shafe shekaru yana yi wa 'yan kasuwa talla da manhajar, yana kuma koyar da ita, asara biyu ya tafka: aikin da zai nuna wa mai neman gwani ya tafi, darussan da ya tsara kuma ba su da sauran amfani. Gini ne ya yi a filin aro. Ba Meta kaɗai ke da wannan hali ba, domin Google ya daina sayar da tabaransa na Glass a 2023, Microsoft kuma ya dakatar da ƙera HoloLens 2 a 2024.

Wannan ne ya sa tafarkin Zach Lieberman, mai zane kuma malami ɗan Amurka, ya cancanci a dube shi. Yana cikin waɗanda suka samar da openFrameworks, kayan aikin da kowa ke da damar ɗauka kyauta ya gyara. Ya koyar a makarantar zane ta Parsons, a 2013 shi da abokansa suka kafa School for Poetic Computation a birnin New York, daga baya ya zama malami a MIT Media Lab. Ɗalibinsa lissafin motsi da rubuta umarnin kwamfuta yake koya, ilimin da babu kamfanin da zai kashe da sanarwa guda.

Sai dai kada a zuzuta. Ko shi Lieberman, gwaje-gwajen da ya yi na wannan fasaha a wayar iPhone sun dogara ne da ARKit na Apple. Su kuwa waɗanda aka rufe wa Meta Spark, mafaka mafi kusa da su ita ce Lens Studio na Snapchat da Effect House na TikTok, dukansu biyun kuma mallakar kamfanoni ne masu ikon rufe su duk ranar da suka ga dama.