KAFIN MU KIRA BAƘAƘEN FATAR AMURKA MALALATA

Akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu, musamman a bakin 'yan uwanmu da suka je Amurka karatu ko aiki: wai baƙaƙen fatar can ragwaye ne, an daina bauta tun 1865 amma har yau suna kuka, alhali mu da muka zo jiya-jiyan nan har mun zama likitoci da injiniyoyi. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ga dalilina.

Mu fara da ranar da aka 'yanta su. Me aka ba su? A 1862, da aka soke bauta a birnin Washington, gwamnati ta biya diyya har dala 300 a kan kowane bawa, amma iyayen gijin aka biya. A Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin a yanka wa iyalan 'yantattun bayi gonaki, eka 40 kowane gida. Shekarar ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu bayi filayen. Mutum ya yi noma shekara da shekaru ba lada, aka sallame shi ba ko fartanya.

Duk da haka sun tashi sun nema. A garin Tulsa na jihar Oklahoma sun gina unguwar Greenwood da guminsu: shaguna, otal, asibiti, jaridu, gidajen sinima. Daren 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yunin 1921 gungun fararen fata suka banka mata wuta, gidaje sama da 1,000 suka ƙone, aka kashe mutane da dama. Kamfanonin inshora suka ƙi biya. To, jama'a, waɗannan su ne suka yi abin da muke cewa a yi, wato dogaro da kai. Me ya rage musu da za su bar wa jikokinsu?

Sai batun gida, wanda a Amurka shi ne babbar dukiyar talaka. A shekarun 1930 hukumomin gwamnati suka zana taswirar birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar wurin da ba a ba da rancen sayen gida. Bayan yaƙin duniya na biyu, dokar 1944 ta tallafa wa tsofaffin sojoji da karatu da rance, amma bankuna da jami'an jihohin Kudu suka toshe wa baƙaƙen sojoji da yawa hanya, ga shi kuwa yaƙi ɗaya suka yi. Sai a 1968 aka haramta wariya wajen sayar da gida da haya. Bature ya sayi gida da araha a 1950, gidan ya yi daraja, ɗansa ya gada, jikansa ya yi jami'a da shi. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai wajen dala 285,000, ta baƙar fata kuwa wajen dala 45,000. Ruwa ba ya tsami banza. Mu da muka san darajar gado, mun san bambancin wanda ya tashi a gidan ubansa da wanda ya tashi a gidan haya.

Kuma kada a ce abin ya daɗe. Ruby Bridges, yarinyar da jami'an tsaro suka raka makarantar firamare a New Orleans a 1960 saboda masu zanga-zangar ƙin jininta, shekararta shida a lokacin. An haife ta a 1954, sa'ar iyayen da yawa daga cikinmu ce.

Yanzu wani zai ce, to shikenan, mutum ba shi da laifin kansa? Yana da shi mana. Uban da ya gudu ya bar 'ya'yansa, tarihi ba zai wanke shi ba. Saurayin da ya ɗauki bindiga ya harbe maƙwabcinsa, shi ya ja kunamar. Su kansu baƙaƙen Amurka sun fi mu faɗa wa junansu wannan, a coci da masallaci da shagon aski, tun zamanin Booker T. Washington da ya kafa makarantar Tuskegee a 1881. Sai dai ɗaukar alhaki ba a kan talaka kaɗai ya wajaba ba. Gwamnatin da ta zana jan layi da bankin da ya hana rance su ma suna da abin da za su amsa. In ka ce wa wanda aka ƙwace wa gona ya tashi ya nema, ka yi daidai. In ka yi shiru a kan wanda ya ƙwace, wallahi adalcinka rabi ne.

Mu dawo kanmu. Wa ke samun bizar Amurka daga Kano ko Yamai? Galibi mai digiri, mai kuɗin jirgi, mai wanda zai tsaya masa. An tace mu kafin mu isa. Kwatanta zaɓaɓɓun mutane kaɗan da al'umma sukutum ta mutum sama da miliyan 40 ba lissafi ba ne. A kwaso mu gaba ɗaya, har da yaranmu da ke gararamba a titi ba makaranta, sannan a gwada.

Abin da ya fi damuna shi ne butulcin da ke cikin maganar. Kafin 1965 dokar shige da fice ta Amurka Turawan Arewaci da Yammacin Turai ta fifita, ɗan Afirka gurbinsa bai taka kara ya karya ba. An sauya ta ne a guguwar fafutukar 'yancin baƙaƙe, bayan dokar 1964 da ta haramta wariya a wurin aiki da wuraren jama'a. Su aka sakar wa karnuka a Birmingham a 1963, su aka fasa wa kai a gadar Selma a 1965. Asibitin da likitanmu ke aiki a yau, da unguwar da ya sayi gida, da jininsu aka buɗe ƙofar.

Don haka ɗan uwa, in Allah Ya ɗaga ka a can, ka gode, ka ci gaba da ƙoƙarinka. Amma ka san a inuwar wa kake zaune kafin ka zage shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa, amma don Allah a zo da hujja.