Kafin Mu Ɗora wa 'Yar'uwa Jagorancin Zumuntar Gida

Yau zancenmu na coci ne, amma duk wadda ta taɓa riƙe ƙungiyar mata a unguwa za ta tsinci abin ɗauka.

A ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN da EYN, Zumuntar Mata ta daɗe tana ɗauke da nauyin ziyara, ta'aziyya da fita bishara. Sai dai idan mata suka cika majami'a, mai kunya ba ta buɗe baki, kuma wadda ta yi sati uku ba ta zo ba, da wuya a lura. Shi ya sa ake raba mutane ƙananan rukunoni, kamar takwas zuwa goma sha biyu, su riƙa haɗuwa a gida don addu'a da binciken Littafi Mai Tsarki. Dabarar tsohuwa ce. A Fitowa sura 18, da Yetro ya ga Musa yana fama da jama'a daga safe har yamma, sai ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu, ɗari, hamsin da goma.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda muke naɗa jagora. Sau da yawa ana kiran sunan 'yar'uwa ranar Lahadi don ta iya addu'a, ko don maigidanta dattijon ikilisiya ne, a bar ta da Allah. Bayan 'yan watanni ta gaji, mata sun janye, rukuni ya mutu.

A asibiti ba a miƙa wa ɗaliba ɗakin marasa lafiya ranar farko. Sai ta kalli yadda ake yi, ta yi ana tsaye a kanta, sannan a sakar mata. Haka ya kamata a yi a nan: ta zauna wata biyu kusa da gogaggiyar jagora, ta jagoranci taro sau uku ko huɗu ana gyara mata a keɓe, kafin a ba ta nata rukunin. A cikin horon, abubuwa huɗu ba sa tsallakuwa.

Na farko, ta koyi yin tambaya. Zumuntar gida ba bagadi ba ce. A karanta gajeren nassi, ta tambayi me aka fahimta da yadda ya shafi zaman gida, sannan ta yi shiru ta saurara. In ita kaɗai ta yi magana awa guda, wa'azi aka sake ji, kuma an riga an ji shi ranar Lahadi.

Na biyu, riƙon sirri. Mace ta faɗi damuwar aurenta cikin hawaye, washegari ta gan ta a WhatsApp da sunan "batun addu'a". Wannan 'yar'uwa ba za ta sake magana ba, wataƙila ma ta bar cocin. Jagora ta nemi izini kafin ta fitar da maganar kowa. Banda inda rai ke cikin haɗari, kamar duka ko cin zarafin yaro. A nan sai ta sanar da mai maganar cewa dole a nemi taimako.

Na uku, ta san iyakarta. Nan ne hankalina ya fi tsayawa a matsayina na nas. Mai ciki da ke kukan ciwon kai mai tsanani, fuska da hannuwa sun kumbura, tana ganin dishi-dishi, tana iya kasancewa da hawan jinin da ke kai ga jijjiga. A yi addu'a a hanyar asibiti, kada a jira gari ya waye. Mai jego da ta wuce sati biyu tana kuka, tana ƙin abinci, ba ta marmarin ɗaukar jaririnta, kada a ce mata bangaskiyarta ce ta raunana. Ciwo ne mai magani, a raka ta ta ga likita.

Na huɗu, ta riƙe mataimakiya tun ranar farko. Titus sura 2 ta ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana. Idan rukuni ya yi girma aka raba shi biyu, an riga an sami mai riƙe rabin.

Batun bishara kuwa, maƙwabciyar da aka gaishe ta a rashin lafiya, aka taya ta aikin suna, ta fi saurin amsa gayyata. A gayyace ta da ladabi. In ta ce a'a, a ci gaba da zaman mutunci.

A kuma sauƙaƙa wa uwa: taro ya tsaya a awa ɗaya, a hana gasar girki, a samu mai kula da yara. Fasto da shugabannin zumunta su riƙa zama da jagorori sau ɗaya a wata, su ji damuwarsu, don mai ɗaukar nauyin mutum goma ita ma tana da nata.

Ku da kuka taɓa jagoranci, wa ya koya muku, kuma me kuka so a ce an gaya muku tun farko? Ina jiran amsoshinku a ƙasa. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.