Ƙari Ne, Ku Daina Ce Masa Gyara

Rannan na shiga motar Gwarzo daga Kabuga, mu huɗu a baya, biyu a gaba, kowa ya takure kamar kifin gwangwani. Direba ya faɗi kuɗin mota, aka hau salati. Sai wani matashi mai ɗan boko ya ce mana wai mu yi haƙuri, "adjustment" aka yi wa farashin mai. Wani dattijo da zai sauka a Kabo ya juyo ya ce, "Yaro, mene ne shi wannan ɗin da Hausa?" Yaron ya ce gyara ne, Baba. Dattijon ya ce, "A'a, ɗana. Gyara dai na san shi." Har muka wuce Rimin Gado raina yana tafasa, don wallahi gaskiya ya faɗa.

Mun san gyara. Ka je kasuwar Getso ka auni masara, ko ka sayi tumatir a bakin titi, in an gama ciniki sai ka ce a yi maka gyara, mai kaya ya ɗebo 'yan kaɗan ya ƙara maka. Gyaran Bahaushe ke nan, mai saye ne yake tafiya da shi gida. To wane irin gyara ne wannan da kullum daga aljihunmu yake fita?

Turawa suna da tarin kalmomi na sauya abu don ya dace da sabon hali, kuma ba ni da rigima da kalmomin. Mu ma muna da namu: daidaitawa, kwaskwarima, garambawul, sake fasali. Tela yana rage wa yaro rigar wansa ta zauna masa. Manomin Kutama da ya ga damina ta makara yana komawa irin da ke nuna da wuri. Rigimata da masu mulkin da suka mayar da waɗannan kalmomi bargon rufe ɓarna ce. Ba su taɓa fitowa sun ce "mun ƙara". Sai "adjustment", sai "review", sai "reform". Gidan rediyo kuma ya ɗauko ya fassara mana da "an daidaita farashi". An daidaita da me? Da albashin wa?

Kuma ba yau aka fara ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo SAP, harafin tsakiyar nan shi ne wannan "adjustment" ɗin, tsarin da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya suka yi ta tallata wa ƙasashen Afirka. Kafin nan naira kafaɗa da kafaɗa take da dala. Aka karya ta, aka ce ɗan lokaci ne, a ɗaure. Zuwa 1989 mutane sun fito zanga-zanga. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa sun ga yadda ƙofofi suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka tattaro suka dawo ƙauye hannu rabbana. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mun warke? Ina! A ƙarshen 2022 aka zo da canjin kuɗi, wai "redesign", an sake wa takardun 200 da 500 da 1,000 launi. Mutum da kuɗinsa na halak ya kwana a layin banki, mai akuya ya karyar da ita don ya riƙe tsaba a hannu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, ita ma "adjustment" ta kira shi. Kai, jama'a! Kalma ɗaya, kusan shekara arba'in, kuma da kyar take yin ƙasa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ake cewa ya gyara zama. Mu ne. Kullum mu. Mai noman rani ya rage fili don injin ban-ruwa ya fi ƙarfinsa. Ɗan acaɓa yana kashe babur a gangara. Malamin firamare yana takawa a ƙasa daga wani ƙauye zuwa wani. Gidan da ake ɗora tukunya sau uku ya koma sau biyu, wani sau ɗaya, uwa tana ce wa yara ta ƙoshi alhali ƙarya take yi. Su kuwa fa? A waccan shekarar ta 2023 da aka ce mu ɗaure ciki aka saya wa 'yan majalisar tarayya sababbin motocin alfarma. Wanzami ba ya son jarfa. Ko kunya babu.

Za a ce ai an ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Mutum nawa ne a Garo ko Lakwaya suke ɗaukar albashi? Wa ya yi wa manomi ƙari? Wa ya yi wa mai faskare?

Ni ban ce kada a taɓa sauya komai ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma in za ka yanka ni, kada ka ce min aski kake yi. 'Yan'uwana 'yan jarida da masu fassarar labarai, da ku nake: in an ƙara, ku ce an ƙara, in an karya naira, ku ce an karya ta. Ku daina wanke musu kalma da bakinmu. Kai kuma ɗan'uwa, duk ɗan siyasar da ya zo garinku ya fara jero maka Turanci, tsayar da shi ka yi masa tambayar dattijon Kabo. Ya faɗa da Hausa, ya faɗi nawa ne, ya faɗi wanda zai biya.