Monita Na Biyu Ba Tare Da An Ƙarar Da Aljihu Ba

A makon jiya wani ɗan aji biyar ya tambaye ni ko lallai sai mutum ya sayi sabuwar kwamfuta kafin ya yi aiki da monita biyu, kamar yadda yake gani a bidiyon masu koyar da rubuta manhaja. Amsar ita ce a'a. Ni kaina kwamfutar tebur ɗin da nake amfani da ita haɗa ta na yi da hannuna daga kayan na hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma monita biyu take ɗauka. Sai dai kafin in kai ga haka na yi asarar kuɗin abincin kusan mako guda, shi ya sa nake so ku ji labarin kafin ku shiga kasuwa.

Abin da ya sa na so ƙari shi ne gajiya. Ina kallon darasi a YouTube, in dakatar, in koma wajen da nake rubutu, in manta abin da na gani, in sake komawa. Da monita biyu, darasi yana hagu, aikinka yana dama. Mai shirin JAMB ma zai iya ajiye tambayoyin baya a gefe guda, littafi a ɗaya gefen.

Na je kasuwa na ce wa mai shago ina son abin da zai ba ni monita biyu. Ya miƙo mini wani ɗan akwati mai rami ɗaya na shiga, biyu na fita, wanda ake kira sifilita. Na dawo ɗaki ina murna, na jona, monitocin biyu suka kawo. Amma hoto ɗaya ne sak a kan kowanne. In na motsa linzami a nan, sai ya motsa a can. Ashe aikin sifilita ke nan: tana kwafar hoto ɗaya ta raba, irin yadda ake yi a gidan kallon ƙwallo mai talabijin da yawa. Kwamfutar ba ta ma san akwai monita na biyu ba. Laifina ne da ban yi bayani sosai ba, shi kuma bai karɓi kayansa ba.

Abin haushi, maganin yana bayan kwamfutata tun farko. Ku juya taku ku duba ramukan da ake jona monita. Mai launin shuɗi da 'yan huji 15 shi ne VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987. Fari mai faɗi shi ne DVI, na 1999. HDMI kun san shi daga talabijin da dikoda. Akwai kuma DisplayPort, mai kama da HDMI amma kusurwa ɗaya kawai aka yanke masa. Yawancin kwamfutoci suna da biyu ko uku daga cikinsu, kuma kowane monita dole ya samu nasa ramin da nasa kebul. Idan ramin kwamfutar ya yi daidai da na monitan, kebul ɗaya kawai za ka saya, magana ta ƙare.

Inda masu haɗa kwamfuta da kansu suke yawan rikicewa shi ne ramukan sukan kasance a wuri biyu. Akwai na sama, kusa da inda ake sa kibod da USB, waɗannan na madabod ne. Idan ka sa katin hoto na daban, nasa ramukan suna ƙasa, a kwance. To a nan ƙasan za ka jona monitocin duka biyu. Galibin madabod suna kashe ramukansu da zarar sun ga an sa kati, sai dai in ka shiga BIOS ka kunna su da kanka. Wani lokaci ma kunnawar ba za ta yi amfani ba: furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F, kamar i5-10400F, ba shi da sashen hoto a cikinsa sam. Haka Ryzen 5 3600 da 5600X na AMD. A waɗannan jerin sai mai harafin G, kamar 5600G, ke iya ba madabod hoto. Na ga abokina ya kusa mayar da monita lafiyayye saboda wannan, yana ta cewa an cuce shi.

Idan ramukan ba su yi daidai ba, sai a nemi adafta, kuma nan ne ake buƙatar nutsuwa. DVI da HDMI yare ɗaya suke yi, don haka kebul mai kai biyu daban ya isa, kuma yana da araha. VGA kuwa tsohon yare ne, sai an samu tafinta a tsakani, wato adafta mai ɗan na'ura a ciki. Wannan tafintan gefe ɗaya kawai yake fassarawa. Wanda aka yi don ɗaukar hoto daga HDMI na kwamfuta zuwa VGA na monita ba zai yi aiki a juye ba. Haka yawancin kebul na DisplayPort zuwa HDMI. Saboda haka ku ɗauki hoton bayan kwamfutar da na monitan a waya, ku nuna wa mai shago, ku faɗa masa wanne ne ke bayarwa, wanne ne ke karɓa. Ku kuma tuna VGA ba ya ɗaukar sauti.

Shi kansa monitan ba sai sabo ba. Na ofis na hannu, mai inci 19 ko 22, ya wadatar da karatu. Kada ku biya sai an kunna a gabanku. Ku sa a nuna fari zalla, sannan baƙi zalla, ku matso kusa ku nemi ɗigon da ba ya canza launi, ko layi, ko duhu a gefe. Ku bar shi a kunne na ɗan lokaci, don wasu sai sun yi zafi suke fara ƙyafta ido. A duba takardar bayansa a ga an rubuta 100-240V, saboda wutarmu 230 ce. Ga mai dogaro da sola ko ƙaramin janareta, mai fitilar LED ya fi tsofaffin masu kauri sauƙin cin wuta. In kuma akwai ƙaramar talabijin mai HDMI da ba a kallo a gida, a nemi izinin Baba tukuna, ita ma za ta yi, ko da yake ƙananan rubutu ba sa fita tas a kan wasunsu.

Bayan an jona, a Windows sai a danna maɓallin Windows tare da P. Zaɓi huɗu za su fito. Duplicate shi ne irin abin da sifilitata ta yi mini. Extend ake nema. Daga nan a danna dama a fili, a shiga Display settings, a danna Identify don a ga wanne ne 1, wanne ne 2, sannan a ja akwatunan su zauna yadda monitocin suke a kan tebur. In ba a yi haka ba, sai ka tura linzami dama ya ɓullo ta hagu.

Ita kuwa sifilitar tana nan cikin durowata. Wani mai gidan kallo a unguwarmu ya ce zai saya, amma rabin kuɗi ya taya, har yanzu muna ciniki.