Kadangaren Bature Muka Sani, Garar Zabi Fa?

Mun wuni muna yaɗa bidiyon Baturen da ke ba ɗan kadangarensa mai gemu, ɗan asalin Ostireliya, gyare da ransa. Wasu na "wayyo", wasu na "ikon Allah". Haba marubuta!

A ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, yaro kan cusa busasshen kashin shanu da kara cikin tsohuwar tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife ta bakin suri. Da asuba ya kwaso gara tana motsi, ya zazzage wa 'yan tsakin zabi. Waninmu ya taɓa sa yaron nan a labari? In mun tashi rubuta yankin, 'yan bindiga kaɗai muke gani. Alhali saboda su, yau wace uwa za ta bar ɗanta ya nufi suri da duku-duku?