Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa manoma, a ƙauye babur ya zama jakinmu. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amma da yawa cikinmu mun fi kula da jaki a kan babur. Muna ganin baƙin mai yana ɗiga inda ya kwana, sai mu ce, "Ai tsufa ne, in dai yana tashi, shi ke nan." Ni ina ganin wannan hali yana cin kuɗinmu, wani lokaci har da ranmu.

Abin ya taɓa faruwa da ni. Wata damina na tashi zuwa sayen taki, na san injin yana yoyo, na ce in na dawo zan duba. Ban kai rabin hanya ba injin ya buga. Na tura babur har faɗuwar rana, taki ya ƙare kafin in isa, sa'an nan sai da na sayar da buhun masara biyu kafin bakanike ya tashe shi. Abin da ya jawo wannan duka kuwa, wata 'yar roba ce da ba ta kai kuɗin kaza ba.

Ku tuna, ƙaramin babur irin Honda CG125 ko Bajaj Boxer, man da ke cikin injinsa wajen lita 1 ne kawai. Wannan mai shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ke kuma rage zafi. In ya ragu ƙwarai, fistin zai kame. In kuwa ya zuba a kan tayar baya ko ya shiga birki, santsi zai kayar da mutum a kwana.

To, me za a yi? Kwana 2 ko 3 kafin tafiya, a wanke injin da kananzir, a bar shi ya bushe. A barbaɗa masa toka mai laushi, a tashe shi kamar minti 10. Inda tokar ta jiƙe daga sama, nan ne bakin yoyon, gama mai ƙasa yake gangarowa. Yawanci za a tarar washar notin zubar da mai ce ta lalace, ko gasket, ko robar da ke bayan ƙaramin haƙorin sarƙa, ko ta wajen giya. A sake su da sababbi. Kada a ɗaure noti da ƙarfin tsiya, domin jikin injin alminiyum ne, zarensa ba ya jimrewa. A duba tiyon numfashin inji kuma. In laka ta toshe shi, ko an cika mai fiye da alama, iska za ta tura man waje ko da robar sabuwa ce.

Sai batun tsagewa. A duba ƙashin babur wajen wuya, wajen mazaunin inji, matakin ƙafa da kariya. Siririn layin tsatsa a bakin tsohuwar walda alamar tsagewa ce. Wannan ba aikin ɗaurin roba ko waya ba ne, a kai wa mai walda wanda ya san aikinsa. In jikin injin ne ya tsage, waldar ƙarfe ba ta kama alminiyum, sai mai waldar alminiyum. Gam mai haɗi biyu yakan toshe ƙaramar tsaga in an wanke wurin sarai, amma ba ya riƙe wurin da ke ɗaukar nauyi. Tankin fetur kuwa, kada kowa ya kusantar da wuta gare shi don ya ga babu kome ciki. Tururin fetur da ya rage shi ne ke fashewa.

Na san wani zai ce, "Malam, kuɗi fa? Ƙara mai ya fi sauƙi." Gaskiya ne kuɗi yana wuya. Amma ka lissafta man da kake ƙarawa kowace ranar kasuwa har wata 3, ka gwada da kuɗin roba ɗaya da ladan bakanike. Mai ƙara mai yana biya kullum, yoyon kuma yana nan. Wani kuma zai ce bakanike yana nesa. To, wanne ya fi, ka hau babur ka je wurinsa, ko ka tura shi?

Tsohon man da aka zubar kuma, a tara shi cikin galan. Kada a zubar kusa da rijiya ko cikin gona.

Saboda haka, daren yau ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin babur ɗinka. Da safe ka duba. In ka ga ɗigo, ka gyara tun yau, tun ba a tashe ka da dare an ce ga mara lafiya ba.